Yadda ake tafiya ƙasar waje a kujerar bizines, a ƙarasa da jirgin ƙasa

Barci ake saya a ajin bizines. Abinci mai kyau, falon jira, ma'aikatan jirgi suna kiranka da sunanka, duk gyara ce aka ɗora a kai. Idan tafiyar ta awa biyu ce da rana, ƙarin kuɗin bai cika biyan kansa ba. Idan kuwa ta dare ce, awa bakwai zuwa sama, kuma da safe akwai taro ko wata doguwar hanya a gabanka, nan kujerar da ke miƙewa ta zama gado take nuna amfaninta. Sai dai tafiya ba ta ƙarewa a filin jirgi. A Turai, da Japan, da Sin, ragowar hanyar galibi a jirgin ƙasa ake cinye ta, kuma dokokin can daban suke da na sama. Shi ya sa ake tsara su biyun tare tun kafin a biya ko sisi.

Mataki na farko: duba jirgin, ba sunan kamfanin kaɗai ba

Kamfanin British Airways ne ya kawo kujerar bizines mai kwanciya samɓal a shekarar 2000, daga nan sauran suka bi. Amma har yau ba kowace kujera mai wannan suna ce gado ba. Kafin ka saya, buɗe taswirar kujerun jirgin. Idan jerin ya nuna ɗaya, biyu, ɗaya, to kowa yana da hanyar fita ba sai ya tsallake wani ba. Idan biyu, biyu, biyu ne, na jikin taga sai ya haura ƙafafun maƙwabcinsa da tsakar dare in zai je banɗaki. Akwai ma tsofaffin jirage masu biyu, uku, biyu, inda za ka biya kuɗin bizines ka tsinci kanka a tsakiya. Kamfani guda yana iya mallakar duka nau'in. Kujerar Qsuite ta Qatar Airways mai ƙofa, wadda aka fito da ita a 2017, ba a cikin dukan jiragensu take ba.

Duba kuma wane kamfani ne ainihin mai tuƙa jirgin, domin kamfanoni suna sayar da kujerun juna: tikiti da sunan wannan, jirgi na wancan. Sannan ka san cewa bizines na gajeren zango a cikin Turai kusan ko'ina kujerar ikonomi ce aka bar ta tsakiya babu kowa, aka ƙara abinci. A ganina ba ta cancanci a biya ta daban ba, sai in ta zo haɗe da tikitin doguwar tafiya.

Mataki na biyu: kuɗin

Manhajoji irin su Google Flights da Skyscanner suna nuna farashin ranaku daban-daban, kuma matsar da tafiya da kwana ɗaya ko biyu na iya rage kuɗi sosai. Jirgin da ke yada zango a Doha, Istanbul ko Adis Ababa sau da yawa ya fi mai tafiya kai tsaye araha. In ka gama kwatanta farashi, saya a shafin kamfanin jirgin kansa. Ranar da aka soke jirgi, sai ka san wa za ka kama.

Hanya ta biyu ita ce maki, wato ladan da kamfani ke tara maka duk tafiyar da ka yi da shi, ka biya kujera da shi daga baya. Manyan kamfanoni sun rabu gida uku: Star Alliance da aka kafa a 1997, oneworld a 1999, da SkyTeam a 2000. Zaɓi gida ɗaya ka riƙa tara makinka a asusu guda, maimakon warwatsa su. Ta uku, ka sayi ikonomi ka jira tayin ɗaga kujera. Wasu kamfanonin suna aiko da saƙo kwanaki kaɗan kafin tashi su ce ka taya, wasu kuma suna sayar da kujerun da suka rage lokacin rajistar shiga. Wannan caca ce, kada wanda dole ya yi barci ya dogara da ita.

Karanta sharuɗɗan tikitin. Yanzu akwai bizines mai rahusa da ba ya haɗawa da falon jira ko zaɓen kujera kyauta. Idan kuma aka sauke ka daga bizines zuwa ikonomi ba da sonka ba, a jirgin da ya tashi daga Tarayyar Turai, dokarsu mai lamba 261 ta 2004 ta wajabta a mayar maka da kashi 75 cikin ɗari na kuɗin wannan zangon in ya wuce kilomita 3,500.

Mataki na uku: kaya

A nan ne mafi yawan mutane ke ɓata tafiyarsu. Tikitin bizines kan ba ka akwati biyu, kowanne har kilo 32, ga jakar hannu. Mutum ya ga dama ta samu, sai ya cika su maƙil. A filin jirgi babu matsala: a ɗora a kan amalanke, a miƙa a kanta, shi ke nan. Amma a tashar jirgin ƙasa kai ne ɗan dakon kanka. Jirgin zai tsaya minti biyu ko uku, tsakanin dandamali da ƙofar tarago akwai matakala, mutane na turowa ta bayanka, kai kuma kana kokawa da kilo 64. Ka shiga ka tarar da ma'ajiyar manyan akwatuna ta bakin ƙofa ta cika, ta saman kujera kuwa ƙaramar jaka kawai take ɗauka.

Don haka ma'aunin ba abin da kamfanin jirgin sama ya yarda da shi ba ne. Ma'aunin shi ne abin da za ka iya ɗagawa da hannu ɗaya ka hau bene da shi. Akwati ɗaya matsakaici da jakar goyo sun isa.

Wasu layukan ma sun sa doka. A Japan, kan layin jirgin gudu na Shinkansen daga Tokyo zuwa Osaka, tun 2020 duk akwatin da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa suka haura santimita 160 a haɗe sai an tanadar masa kujera ta musamman mai wurin ajiya a baya, in ba haka ba a ci ka tarar yen 1,000. Jirgin Haramain da ke haɗa Makka da Madina tun 2018, wanda ke da tasha a filin jirgin Jidda, babban akwati ɗaya yake karɓa, mai nauyin da bai wuce kilo 25 ba. A Faransa kuma wajibi ne kowace jaka ta ɗauki suna a jikinta.

Mataki na huɗu: ranar tashi

Wannan ba shi da wuya. Bi layin bizines wajen miƙa kaya, ka tambaya ko akwai hanyar gaggawa ta binciken tsaro. A falon jira ka ci abinci sosai, ka yi wanka in akwai wurin yi, domin a jirgin dare hidimar abinci kan cinye awa ɗaya da rabi ko biyu daga barcin da ka biya. Gaya wa ma'aikaciya tun farko ko a tashe ka karin kumallo ko a ƙyale ka. Mai buƙatar abinci na musamman ya nema ta shafin kamfanin aƙalla kwana biyu kafin tashi. Lambar na halal MOML ce. Abin sha da ake zagayawa da shi a faranti kafin tashi sau da yawa akwai giya a ciki, tambaya kafin ka ɗauka ba abin kunya ba ne.

Mataki na biyar: haɗa saukarka da jirgin ƙasa

Wasu filayen jirgi tasha a cikinsu take. Na Frankfurt yana da tashar jiragen dogon zango, na Amsterdam tashar tana ƙarƙashin ginin, na Charles de Gaulle a Paris yana da ta TGV, jirgin gudu na Faransa, a gini na biyu, haka na Zurich. In garin da za ka yana kan waɗannan layukan, ba sai ka shiga babban birni ba sam. A Landan, jirgin Heathrow Express na kai mutum daga filin jirgin Heathrow zuwa tashar Paddington cikin minti 15, amma layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 ya fi shi araha kuma ya ratsa tsakiyar gari.

Lufthansa da Air France suna sayar da tikiti guda da ya haɗa sama da ƙasa. Amfaninsa shi ne in jirgin sama ya makara, za a sa ka a jirgin ƙasa na gaba. In ka saya daban-daban, makara taka ce. Bar tazarar awa uku tsakanin sauka da jirgin ƙasa saboda layin fasfo da jiran kaya, ko ka sayi tikitin da bai ɗaure ka da jirgi guda ba.

Mataki na shida: tikitin jirgin ƙasa

Jiragen gudu na Turai farashinsu na hawa ne yayin da ranar ke matsowa. A Jamus tikitin Sparpreis yana da araha amma na jirgin da ka zaɓa ne kawai, Flexpreis kuwa ya ba ka damar hawa wani a ranar. Can kama kujera zaɓi ne, kuma wanda bai kama ba ranar Juma'a da yamma yana iya tafiya a tsaye. A TGV na Faransa, Frecciarossa na Italiya da AVE na Sifen, ba a hawa sai da kujera.

Katin Eurail, wanda ake saya sau ɗaya a hau jirage da yawa da shi, na waɗanda ba mazauna Turai ba ne, yana aiki a ƙasashe 33, sai dai a waɗancan jiragen gudun dole ka sake biyan kuɗin kujera. Ga mai zuwa gari biyu ko uku, tikiti ɗai-ɗai da aka saya da wuri ya fi. Haka katin jirgin Japan: a ƙarin kuɗin Oktoban 2023 na mako ɗaya ya koma yen 50,000, kuma zuwa Kyoto daga Tokyo da dawowa kaɗai ba ya fanshe shi. Aji na ɗaya a jirgin ƙasa fili ne da shiru kawai, kada ka sa ran hidimar da ka baro a sama.

Eurostar daban yake. Yana bin ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, daga Landan zuwa Paris cikin awa biyu da kusan minti 20, amma ana duba fasfo kafin a hau, kuma bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ba ta shigar da mutum Birtaniya. Ƙofa na rufewa minti 30 kafin tashi ga masu tikitin gama-gari.

Mataki na bakwai: a tasha

Tabbatar da sunan tashar. Paris tana da manya da dama: Eurostar a Gare du Nord yake sauka, jirgin Liyon da Marsai daga Gare de Lyon yake tashi. A allo, lambar jirgi da lokacinsa za ka nema, domin sunan da ke sama na tashar ƙarshe ne, ba lallai na garinka ba. Tikitinka zai nuna lambar tarago da ta kujera. A Jamus dandamali an raba shi da haruffa, allo ko manhajar DB Navigator za su nuna maka harafin da taragonka zai tsaya. Wannan ya fi muhimmanci a jiragen da ke rabuwa biyu a hanya, rabi ya nufi gari, rabi ya nufi wani.

A Italiya tikitin takarda na jiragen yanki sai an buga masa hatimi a na'urar da ke bakin dandamali, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ka tara ko da ka biya. A Sin fasfonka ne tikitinka, shi za ka nuna a ƙofa. A Sifen kaya na bi ta na'urar bincike, don haka je da wuri. Idan jirgi ya makara a Tarayyar Turai, ajiye tikitin: jinkirin awa ɗaya ana mayar da kashi 25 cikin ɗari, na awa biyu kuma rabin kuɗi. Sannan a jirage da yawa ƙofa ba ta buɗe kanta. In an iso tasharka, danna maɓallin da ke haske a jikinta.