Yadda Kirista Zai Jure a Aikin Rubutu Har Ya Kai Ƙarshe

Masu bi da yawa a ƙauyukan Sumaila, Tudun Wada, Rogo da Roni sun taɓa sayen littafi da biro da niyyar rubuta wani abu: tarihin ikkilisiyarsu, waƙoƙin sujada, wasan kwaikwayon Kirsimeti ko darussan makarantar Lahadi. Galibi aikin yakan mutu a shafi na 20 ko 30, lokacin da ɗokin farawa ya huce, shuka ta kama, ba kuma wanda ya ce "sannu da ƙoƙari". Bangaskiya tana riƙe mutum a wannan gaɓar idan ya mai da ita tsarin yini, kamar yadda manomi ya san lokacin huɗa da na maimai.

Fara da mutum ɗaya

Luka ya rubuta bishararsa domin mutum guda, Tiyofilas, ya kuma faɗa a Luka 1:1-4 cewa sai da ya bi diddigin kome tun daga farko, sannan ya tsara shi bi da bi. Kai ma ka buɗe bangon littafinka ka rubuta jimla ɗaya: wa kake rubuta wa, me kake so ya sani. Misali, "Domin matasan ikkilisiyarmu su san yadda bishara ta shigo gidajen kakanninsu." Wanda ya ce "duniya" yake rubuta wa, shi ne kan fara gajiya, don duniya ba ta da fuskar da zai tuna ranar da kasala ta zo.

Ware lokaci, ka rage buri

Lokacin da ya fi dacewa a ƙauye shi ne bayan addu'ar asuba, kafin a ɗauki fartanya. Minti 30 ya isa. Ka yi gajeriyar addu'a ta minti biyu ko uku, ka karanta aya ɗaya, ka kama biro. Kada ka bari lokacin rubutu ya koma na nazarin Littafi Mai Tsarki. Wancan yana da nasa lokacin, kuma mutum yakan ɓuya a bayan abu mai kyau don ya guje wa abu mai wuya. Ga mata masu aikin gida da sassafe, bayan tuwon dare ya fi, da fitilar sola.

Shafi ɗaya na littafin makaranta yakan ɗauki kalmomi kamar 150. Shafi ɗaya a rana, kwana shida a mako, makonni 30 daga bayan kaka zuwa faɗuwar ruwa, ya ba ka kalmomi 27,000, wato ɗan littafi cikakke. Daga Yuni zuwa Satumba kada ka ɗora wa kanka wannan nauyi. Jiki ya sha noma, ido na lumshewa. Layi biyar a rana ya wadatar, don dai zaren kada ya tsinke. Ranar Lahadi kuwa a ajiye biro.

Akwai maganar da ake yawan ji: "Ina jira Ruhu ya motsa ni." Tana da kamar tsoron Allah, amma sau da yawa kasala ce ta sa rigar coci. Mai-Wa'azi 11:4 (Mai Hadishi a wata fassarar) ya ce mai duban iska ba zai yi shuka ba, mai kallon gajimare ba zai yi girbi ba. A 12:9-10 an nuna shi kansa marubucin yana aunawa, yana bincike, yana neman kalmomin da suka dace. Aiki ne na zama da gumi.

Tsare abin da ka rubuta

Gara, ɓera, yoyon ɗaki da yara masu neman takardar hura wuta sun ci littattafai da yawa. Ka sa littafin a leda, ka sa ledar a akwatin ƙarfe, ka ɗora akwatin a kan dutse ko benci, nesa da bangon ƙasa. Ka lambata kowane shafi, ka sa kwanan wata. Duk ranar kasuwa, idan ka kai waya caji, ka ɗauki hoton shafukan makon ka tura wa wani amintacce ta WhatsApp, ko ka aika wa kanka ta imel. Hoton da ke cikin waya kaɗai ba ajiya ba ne, waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

In duk da haka aikin ya salwanta, ka zauna da Irmiya 36. Baruk ɗan Neriya ya rubuta dukan maganar da Irmiya ya faɗa masa. Aka kai littafin gaban sarki Yehoyakim a watan tara, lokacin sanyi, yana jin ɗumi a gaban kasko. Duk sa'ad da aka karanta sashe uku ko huɗu, sai sarki ya yanke da wuƙa ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare ƙurmus. Umarnin da ya zo wa Irmiya shi ne ya ɗauki wani littafi ya sake. Aya ta 32 ta ce an ƙara maganganu da yawa a na biyun. Hanyar sakewa ke nan: kada ka yi ta fafutukar tuno jimlolin da suka ɓace. Ka jera kanun abin da ka tuna a shafi ɗaya tun a makon farko, kafin su dushe, sannan ka rubuta su sabo.

Ranar da biro ya ƙi tafiya

Ka fara gano dalili kafin ka ce jaraba ce. Wani lokaci gajiya ce kawai. Da Iliya ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa (1 Sarakuna 19), abin da mala'ika ya fara ba shi gurasa ne da ruwa, ya kuma bar shi ya koma barci. Ka ci, ka huta kwana biyu, ka dawo. Wani lokacin kuma abin da ka sani ne ya ƙare. Maganinsa tafiya: je wurin dattijon da ya ga abin da idonsa, ka nemi izini ka naɗi muryarsa, ka tambayi shekara, wuri da sunayen waɗanda suke nan. Tsofaffin da suka ga shigowar bishara cikin Maguzawa suna ta ƙarewa, wannan ba aikin da za a bari sai baɗi ba ne.

Na uku shi ne kunya, wato "wane ne ni da zan rubuta littafi?" A nan ka tuna da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke hannunka. Likita Walter Miller, ɗan mishan daga Ingila, ya zauna a Zariya tun 1905, amma cikakkiyar fassarar da ya yi aiki a kanta tare da wasu ba ta fito ba sai 1932, daga baya ma aka sake fassara. Sannu ba ta hana zuwa.

Gyara da masu gyara

Ka nemi mutum biyu. Ɗaya ya san Nassi, kamar fastonku ko wani da ya yi karatu a makarantar Littafi Mai Tsarki ta ikkilisiyar ECWA da ke Tofa, ya duba ko ka ɗora wa aya abin da ba ta faɗa ba. Ɗayan ya san Hausa, ko da malamin firamare ne Musulmi maƙwabcinka, ya duba rabon kalmomi da inda magana ta yi duhu. Idan sun ja layi da jan biro, ka bar takardar ta kwana uku kafin ka amsa. Karin Magana 27:6 ya ce raunin da aboki ya yi maka abin amincewa ne. Kada ka kira gyara tsanani, kada kuma ka ce "Allah ne ya ba ni haka" don ka hana a taɓa jimla.

Muna zaune cikin 'yan'uwa Musulmi, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya. 1 Bitrus 3:15-16 ya ce a ba da dalilin begenmu da tawali'u da ladabi. Ka rubuta abin da ka gaskata, ka bar zancen addinin wani. Idan shaidar wani ce kake rubutawa, musamman sabon tuba, kada ka sa sunansa ko na ƙauyensu sai ya yarda, bayan ka karanta masa abin da ka rubuta kalma bayan kalma.

Fitar da shi

Kafin bugawa, ka karanta babi ɗaya da ƙarfi a zumuntar mata ko ta matasa. Inda aka fara hamma ko hira, ka yi alama, wurin yankewa ne. In za ka buga a waya, ka ƙara Hausa a madannin Gboard don ka sami ɓ, ɗ da ƙ, gama "bari" da "ɓari" ba ɗaya ba ne, haka "kasa" da "ƙasa". Ka kai wa mai kwamfuta a hedkwatar ƙaramar hukuma, ya fitar maka da kwafi ɗaya tak, ka zauna ka duba, domin masu buga takardu sukan share ƙugiyoyin nan ba da saninsu ba. Bayan gyara ka buga kwafi 20 zuwa 30, kada ka ci bashi don buga kwafi ɗari biyar. Ɗaya ka ba ikkilisiya ta ajiye a akwatin takardunta, ɗaya ka ba dattijon da ya ba ka labari, in ba ya karatu ka sa jikansa ya karanta masa.