Yadda na hana kawunan tulif ruɓewa a ruwan Ingila

Tulif fure ne mai kai kamar albasa. Wanda na binne a bayan gidana nan Manchesta ya ƙi tsirowa har Maris. Na zargi kurege, na ƙara taki, shiru. Da na tono sai ga kawunan sun yi laushi suna wari. Ashe ƙasar laka ce, ruwan hunturu ya kwanta musu.

Sai na koma tukwane masu huda a gindi. Na cakuɗa ƙasar shuka mai taki kashi biyu da ƙananan tsakuwa kashi ɗaya, na jira Nuwamba, na binne kowane kai zurfin santimita 15, tsininsa sama. Na ɗora tukwanen kan bulo a jikin bango, babu faranti a ƙarƙashi, ruwa na zuba yana wucewa. Afrilu na kamawa duk suka buɗe. Alhamdulillahi, Allah Ya saka wa maƙwabciyata da ta ba ni shawarar.