Kurakuran da sababbin matuƙa jirgin sama suke yi a tuƙin VFR, wato tuƙi da gani da ido

Na gaji da gyara abu ɗaya kullum. Hukumar ICAO, mai tsara dokokin sufurin jiragen sama na duniya, ta kasa sararin samaniya aji bakwai, daga A zuwa G. Ɗalibi ya haddace su tsaf, amma da ya tashi sama sai ya manta.

Ƙananan tukuna. Ajin A ba naka ba ne, na masu tuƙi da na'ura ne kaɗai. A B da C da D sai da izinin hasumiya, kuma in jami'i ya ce ka dakata, bai ce ka shigo ba. A na'urar da ke nuna jirginka ga rada, lambar 7600 ta mutuwar rediyo ce, 7700 ta neman agaji, kada ka cuɗa su.

Wanda ya ci ni da tsada shi ne altimita, agogon da ke nuna nisan da jirgi ya yi sama. Wata rana ina bin ƙarƙashin ajin C da ya fara daga ƙafa 3,500, agogon yana nuna mini 3,300, hankalina kwance. Ashe QNH ɗin da na saka tun safe, wato lambar matsin iska da ake saita altimita da ita, 1008 ne, alhali na wurin ya kai 1018. Kowane hektofaskal ɗaya, wato ma'aunin wannan lamba, kusan ƙafa 28 ne, ka lissafa goma: ashe ina wajen ƙafa 3,580. Ina cikin ajin C tsundum ba izini, ga jirgin fasinja yana saukowa, dole aka kauce da shi saboda ni. Na rubuta rahoto, aka mayar da ni hannun malami, kuma har yau in na tuna gabana yana faɗuwa. Tun daga ranar nake barin tazarar ƙafa 500 ƙarƙashin kowace iyaka, ina sabunta QNH duk lokacin da na canza tashar rediyo. Wasu malamai na ganin 500 ta yi yawa. Ni haka nake koyarwa.

Sai gajimare. Ƙasa da ƙafa 10,000, in ka haura 3,000, doka ta ce ido ya kai kilomita 5, ka nisanci gajimare da mita 1,500 a gefe, ƙafa 1,000 sama ko ƙasa. Amma kai da awa 60 kacal a littafinka, me ya kai ka bakin iyakar doka? Kana leƙen rami tsakanin gajimare kana cewa za ka ratsa! Ramin zai rufe, kunnen ciki mai daidaita jiki ya yaudare ka, ka karkata ba ka sani ba. Ni da zarar ban ga inda sama ta haɗu da ƙasa ba, juyawa nake yi tun akwai mai a tanki.