Haihuwa ta Biyu: Aikin da Ke Jiran Maigida Mai Fita Nema

A haihuwar fari yawancin magidanta 'yan kallo ne. Ciki na tsufa iyayenta za su aiko a tafi da ita goyon ciki, can za ta haihu, can za ta yi wanka. Kai naka aika itace da kayan ƙauri da rago, sai leƙawa da yamma kana sunkuyar da kai gaban surukai. Ta biyu ba haka take zuwa ba. A mafi yawan gidaje a ɗakinta za ta yi jego, ga yaro ɗan shekara biyu ko uku da bai san kowa ba sai uwarsa, kai kuma ƙarfe takwas ana jiranka a wurin aiki. Duk hidimar da gidan surukai suka ɗauke maka wancan karon yanzu kanka za ta sauka, kuma mafi nauyinta ba jaririn ba ne, babban yaron ne.

Hutu da kuɗi

Fara da wurin aiki tun ciki yana wata bakwai. Ma'aikacin gwamnatin tarayya a Nijeriya yana da hutun haihuwa na kwana 14 na aiki, wanda Majalisar Zartarwa ta amince da shi a 2021. Ana bayar da shi sau ɗaya cikin shekara biyu, kuma iyakarsa 'ya'ya huɗu. Dokar ƙwadago ba ta tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu ba uba hutu ba, don haka mai aikin kamfani ya ajiye wani ɓangare na hutun shekararsa, ya kuma sanar da shugabansa watan da ake sa rai. Ɗan kasuwa ya tsayar da wanda zai riƙe masa shago, ya fara barin masa na yini ɗaya tun yanzu don ya ga kamun ludayinsa.

Idan an yarda ka raba hutun, kada ka ƙone shi duka a makon farko. Kafin suna gidan cike yake da 'yan barka, kowa na neman abin da zai taya. Washegarin suna ake watsewa, a bar maijego da tulin wanke-wanke da yara biyu. Kwana uku a lokacin haihuwa, ranar suna, sauran kuma a mako na biyu da na uku, ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Kuɗi kuwa ka kasa su uku, kada ka gauraya. Kashi na farko na asibiti ne, kuma a lissafa shi kamar za a yi tiyata ko da ba a sa ran haka. Na biyu na cefanen kwana arba'in, da gawayi ko itacen wanka. Abin da ya rage shi ne na suna. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya wannan tsari: a sayi rago da atamfar fitar suna tun da wuri, ran naƙuda a shiga buga waya neman rance. Yanka sunna ne ga mai hali, kuma a mazhabar Malikiyya dabba ɗaya ta wadatar ko namiji aka haifa ko mace. Kayan jarirai ma a fara duba na wansa. Baho, shawul, gidan sauro ƙarami, yawancinsu wanki kawai suke so. A shanya su a rana, amma kada a zuba musu kafur, domin yana fasa jinin wasu jarirai ya jawo shawara mai tsanani.

Abin da ke cikin katin awo

Mata da yawa sukan yi sakaci da awo a ciki na biyu, wai ai sun san hanya. Alhali akwai matsalolin da sai a na biyun suke fitowa. Ka karɓi katin ka duba rukunin jininta. Idan an rubuta shi da alamar ɗebewa, kamar O− ko B−, naka kuma mai alamar tarawa ne, jikinta na iya yaƙar jinin wannan jaririn idan ba a yi mata allurar anti-D bayan haihuwar farko ba. Ana yin allurar cikin awa 72 da haihuwa. Ku faɗa wa likita ko an yi ko ba a yi ba, tun da wuri. Idan ku biyun AS ne a gwajin sikila, lafiyar ɗan fari ba ta ba wannan kariya ba: kowane ciki da nasa rabon, ɗaya cikin huɗu na iya zuwa da sikila. Idan kuma da tiyata aka ciro na farko, batun haihuwa a gida bai ma taso ba, domin tsohon ɗinkin mahaifa na iya buɗewa a tsakiyar naƙuda. Asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini shi ne wurinta.

Naƙudar biyu ta fi ta fari sauri. Wadda ta yini ta kwana a karon farko tana iya sauka cikin 'yan awoyi yanzu, don haka kada ka ce bari ka ƙarasa aikin gabanka. Tun wata na takwas ka riƙe lambar direba ko mai adaidaita sahu guda biyu da za su ɗaga waya ƙarfe biyun dare, ka yi magana da mutum biyu da za su iya ba da jini, jaka kuma ta zauna a shirye a bakin ƙofa. Sai tambayar da ba a yi ta a haihuwar fari ba: wa zai zauna da yaron? A tsayar da mutum ɗaya, maƙwabciya ko ƙanwarka, wadda yaron ya riga ya saba da ita har yana karɓar abinci a hannunta.

Babban yaron

Nan ne aikinka na gaske yake, kuma watanni biyu zuwa uku kafin haihuwa ake fara shi. Duk wani sauyi da za a yi masa, yaye ne, raba shimfiɗa da uwarsa ne, koyon fo ne, ko sa shi makaranta, a gama shi kafin jariri ya iso, ko a ɗaga sai bayan wata uku. Yaron da aka cire daga bayan uwa, aka raba shi da nono, aka kai shi gidan kaka duk a makon da aka kawo wani aka kwantar a wurinsa, lissafinsa ɗaya ne: wannan baƙon ne ya kore shi. Idan har yanzu yana shan nono, a sani cewa nonon mai ciki ba guba ba ne kamar yadda ake faɗa. A janye shi a hankali, a fara da rage na rana, ana cike gurbin da abinci mai kyau. Yayen dare ɗaya da shafa maɗaci shi ke sa yaro ya ƙi abinci ya rame, sai a ɗora wa cikin laifi.

Ka zaɓi ayyuka biyu na yaron ka mayar da su naka tun yanzu, misali wankan safe da kwantar da shi da dare. Makon farko zai yi ta ihun Mama yake so. Ka daure, ita ma ta daure kada ta karɓe shi. Amfanin farawa da wuri shi ne ran da uwar ta kasa tashi, ba sabon abu zai gani ba.

Ranar da za a nuna masa ƙaninsa, gara jaririn yana kwance a shimfiɗa, hannun uwar a sake, ta fara rungumar babban. Ka zaunar da shi a ƙasa, ka ɗora masa jaririn a cinya kana tallafe da kan, ka nuna masa ƙafa da hannu ne wurin taɓawa, ban da ido da maɗiga. 'Yan barka kuma sai ka sa musu ido. Za a samu mai cewa, "To, an ƙwace maka Mama, yanzu ba a yayinka." Wasa ne a wurinta, shi kuwa gaskiya ya ɗauke ta. Ka amsa a gabansa cikin raha: "A'a Gwaggo, ai wannan shi ne Yaya, shi ke da ƙanin." Ka ajiye ɗan biskit ko ƙaramar mota, idan an yi ta miƙo wa jariri kaya shi ma ya ga an tuna da shi.

Duk da haka kishin saƙo zai fito. Yaron da ya daina fitsarin kwance zai koma, wanda ke magana sarai zai koma gwaranci, wani ya ce sai an goya shi ko sai an ba shi nono. Wannan ba iskanci ba ne, kuma duka ƙara masa tsawo yake yi. A canza shimfiɗa ba tare da gori ba, a yaba masa idan ya miƙo tsumma ko ya kawo man shafawa. Yawanci cikin makonni yake wucewa. Abin da ba a sassauci a kansa guda ɗaya ne: ba a barin su su biyu a ɗaki, ko na shiga banɗaki ne. Ɗan shekara biyu zai tura wa jariri gyaɗa a baki don kyauta, ko ya lulluɓe masa fuska da zane don ya ga ana rufa shi, ko ya yi ƙoƙarin ɗauko shi ya kawo wa uwarsa tsakar gida.

Haɗari na biyu shi ne ruwan wanka. Safe da yamma akwai tukunya tana tafasa a tsakar gida, ga bokiti an juye an ajiye ya ɗan huce, mai wanka ta shiga ɗauko ganye. A wannan ɗan tsakanin yara ke ƙonewa. Lokacin ɗora ruwa da sauke shi yaron ya kasance a hannun wani, da safe kuwa hannunka ne.

Jego

Tsohuwar da za ta zo zama, mahaifiyarka ce ko gwaggon matar, babbar rahama ce, sai dai ku daidaita wasu abubuwa kafin ta iso. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da shan kunun kanwa mai yawa da zafin da ake gasa jiki da shi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gama wahalar ciki kuma ta kasa turawa. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki, kunu kuma na gyaɗa ko na tsamiya ya wadatar. Wadda aka yi wa tiyata ko jininta ya hau, kanwa ba tata ba ce sam. Ba sai ka yi musu da babba ba. Ka sa ma'aikaciyar jinya ta faɗa a gabanta ranar sallama, daga baya abin da za ka ce kawai shi ne, "Inna, kin ji dai abin da suka ce a asibiti."

Jariri a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, kada a matse dakashi a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Nono zalla har wata shida, ba ruwa ba zuma. Cibiya a shafa mata maganin chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti, ban da gashi da tsumma, ban da man goge baki. Wanzami ya yi askinsa da sabuwar reza, amma cire belu a bar shi, jini da ƙwayar cuta kawai yake jawowa.

Ciwon mara bayan haihuwa ya fi tsanani a ta biyu, musamman lokacin shayarwa, kuma yakan lafa cikin kwana biyu zuwa uku. Wanda ba a jira a kansa shi ne jini mai jiƙe ƙunzugu cikin awa ɗaya, ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, jijjiga, zazzaɓi, ko haki da kumburin ƙafa har ta kasa kwanciya sai a jingine. Ga jariri kuma: ƙin kama nono, zafin jiki ko sanyinsa, numfashi sama da 60 a minti, ko ido da tafin hannu su yi rawaya. Ka bar wa wadda ke gida kuɗin mota da umarnin su tafi asibiti ba sai sun same ka a waya ba. Idan maijego ta wuce mako biyu tana kuka ba dalili, ba ta barci ko jariri ya yi, ko ba ta son ɗaukarsa, wannan ma ciwo ne da ake magani, a gaya wa likita.

Bayan ka koma aiki

Jariri yana shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, ba abin da za ka iya rage mata a nan. Abin da za ka iya shi ne ka ɗauke babban da dare. Ya koma shimfiɗarka, idan ya farka kai ne mai tashi. Bayan sallar asuba ka ɗebo ruwa, ka yi masa wanka, ka ba shi karin kumallo, ita ta samu barcin awa ɗaya. Cefane a yi na mako a dunƙule, kada ta riƙa neman ɗan aike da jariri a hannu. Da ka dawo, minti goma sha biyar na farko na babban ne, waya a aljihu, kafin ka leƙa jariri. Zaman majalisa bayan isha'i a rage shi har a yi arba'in, abokai za su yi tsiya su gaji.

Ka sa ranakun rigakafi a wayarka, domin a ɗa na biyu aka fi mantuwa: BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta a lokacin haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9 na ƙyanda da zazzaɓin shawara. Kyauta ne a asibitocin gwamnati. A tafi da katin babban ma a duba ko akwai wadda ta wuce shi. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a karɓe ta cikin kwana 60, sannan ka kai ta ofis a saka jaririn a inshorar lafiya idan kana ciki, tsarin ma'aikata yana ɗaukar mata da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18.

Ranar awon mako shida ka nemi izinin rabin yini ka raka ta. A nan ake duba hawan jini da ɗinki, a nan kuma ake maganar tazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan nono zalla ake ba jariri dare da rana, al'ada ba ta dawo ba, kuma bai kai wata shida ba. Da ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, sai ku koma wurin ma'aikaciyar ku zaɓi wata hanyar.