Babi na 7: Sauya Matatar Ruwa a Tankin Murjani

Darasi na ɗaya

Tankin da muke magana a kai shi ne wanda ya daɗe yana aiki, mai ruwan gishiri, da kifaye, da murjani mai rai, wato wata halittar teku, iri biyu: mai taushi da mai tauri. Matata ita ce abin da ruwa ke bi ta ciki ya fito da tsabta. Tana iya zama soso, ko ƙananan ƙwallayen roba, ko na'urar da ke fitar da datti cikin kumfa.

Ku karanta nan sannu a hankali. Kashin da kifi ke yi da ragowar abinci suna zama guba mai suna ammoniya. Ƙwayoyin bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, su ke juya ta zuwa naitirait, ita ma guba ce, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Ƙwayoyin nan a manne suke jikin soso da ƙwallaye da duwatsu da yashi. Ke nan wanda ya ɗauke tsohuwar matata, ya ɗauke da yawansu tare da ita.

Darasi na biyu

Kada ku cire tsohuwar matata lokaci guda. Ku sake karanta layin nan da babbar murya. Madalla.

Ku kunna sabuwar, tsohuwar kuma tana nan tana aiki. Su yi mako 4 zuwa 6 tare, don ƙwayoyin su samu su yaɗu. Bayan nan ku raba ƙwallayen ko soson tsohuwar matatar gida huɗu daidai. Ku cire kashi ɗaya. Ɗaya tak. Sauran ukun su zauna inda suke.

Ku jira kwana 7. Ku ɗebi ruwan tankin a kwalbar gwaji, ku ɗiga maganin yadda takardarsa ta ce, ku gwada launin da katin da ya zo da shi. Ammoniya ta nuna sifili, wato 0. Naitirait ma 0. To, sai ku cire kashi na biyu. In ɗayansu ya wuce 0, ku dakata, ku sauya kashi ɗaya cikin goma na ruwan, ku rage abinci. Wanda katin ya rikita kada ya ji kunya, ya kai shi wurin haske ya sake dubawa, zai gane.

Kashi nawa ake cirewa? Ɗaya. Kwana nawa ake jira? Bakwai.

Duk da haka sai ka ji wani ya ce ruwansa garau yake, ya kwashe komai rana ɗaya. Haba jama'a! Ammoniya ba ta da launi. Kifi na haki a saman ruwa, murjani ya rufe, sannan a zo ana tambayar me ya faru. Gaggawar me ake yi? Kashi ɗaya, kwana 7, gwaji.

Darasi na uku

Soson da ya rage kada a wanke shi da ruwan famfo, sinadarin kulorin da ke cikinsa na kashe ƙwayoyin. A ɗauraye shi cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin.

Darasi na huɗu

Sabuwar na'urar kumfa takan yi mako ɗaya ko biyu kafin ta daidaita. In murjani mai tauri ya fara yin fari, mai yiwuwa naitiret ta sauka da sauri. A rage ƙarfin na'urar.

Darasi na biyar

Ma'aunin gishirin ruwan ya zauna a 1.025. Ɗumin ruwa digiri 24 zuwa 26. Ku rubuta su a littafinku.