Yadda Ake Daidaita Aikau da Aikatau a Jimlar Turanci

Duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB ya ci karo da abin da malaman Turanci suke kira "concord", wato daidaituwar aikau, wanda ake magana a kansa, da aikatau, kalmar da ke ɗauke da aikin. Bai kamata wannan darasi ya tsorata Bahaushe ba, domin kullum yana yin irinsa a bakinsa ba tare da ya tsaya tunani ba: yaro yana wasa, yarinya tana wasa, yara suna wasa. Bambancin shi ne, a Hausa ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ita ce take nuna jinsi da adadi, alhali a Turanci jikin aikatau ne yake sauyawa, kuma babu ruwansa da namiji ko mace.

Mataki na farko shi ne ka nemo aikatau, sannan ka tambaye shi "wa?" ko "me?" domin ya nuna maka aikau na gaskiya. A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, saboda ido yakan kama sunan da ya fi kusa da aikatau ko da ba shi ake magana a kansa ba. Ɗauki wannan jimla: "The box of matches on the shelves is empty." Ɗalibi zai ga "matches" da "shelves", duk jam'i ne, sai hannunsa ya rubuta "are". Amma idan ka tambaya mene ne babu komai a cikinsa, amsar ita ce "box", kuma guda ɗaya ne. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka ɗora yatsanka a kan "of" ko "on" ko "in" da duk abin da ya biyo baya har zuwa bakin aikatau, ka karanta abin da ya rage, sai ka ji "The box is empty". Haka za ka yi wa "as well as" da "together with" da "along with", domin ba sa ƙara wa aikau adadi: "The principal, together with the teachers, is in the hall." Shi kuwa "One of the boys is absent", Hausa ma tana goyon bayansa, tunda cewa muke yi ɗaya daga cikin yaran bai zo ba.

Mataki na biyu shi ne ka fahimci halin harafin "s", wanda yake da fuska biyu. Idan ya hau suna jam'i yake nufi, idan kuwa ya hau aikatau a lokaci na yanzu, tilo yake nunawa. Shi ya sa ake cewa "The boy plays" amma "The boys play". Ɗalibin da ya haddace cewa "s" alamar yawa ce zai rubuta "The boys plays" yana ganin ya kyauta. A mafi yawan jimloli "s" ɗaya ce tsakanin su biyun, in suna ya ɗauka aikatau ya haƙura, sai dai sunaye irin su "children" da "men" da "women" jam'i ne ba tare da "s" ba, don haka "The children play". Su ma "I" da "you" ba sa karɓar wannan harafi ko da mutum ɗaya ake nufi. Abin ba tun asali yake haka ba: wajen shekarar 1600 Turawan Ingila suna rubuta "he goeth" da "he goes" kafaɗa da kafaɗa, kafin na biyun ya ture na farkon.

Akwai aikatau uku da suka cancanci a haddace su daban. "Have" yana komawa "has", "do" yana komawa "does", shi kuwa "be" ya fi kowa rikiɗa, domin "am" ne ga "I", "is" ga tilo, "are" ga jam'i da "you", kuma shi kaɗai ne yake bambanta adadi a shuɗaɗɗen lokaci, wato "was" da "were". Da zarar "does" ya shigo jimla ya riga ya ɗauke harafin, saboda haka "She does not cook" ake cewa, ba a sake liƙa wa "cook" wani abu. Kalmomin "can" da "will" da "must" da "should" ba sa sauyawa ga kowa.

Mataki na uku, wanda a ganina ya fi sauran buƙatar natsuwa, shi ne ka auna tilo da jam'i da ma'aunin Turanci, ka ajiye na Hausa a gefe. Mu muna cewa labarai sun iso, kaya sun yi nauyi, kuɗin sun ƙare, amma Bature tilo yake ɗaukar su duka: "The news is good", "The luggage is heavy", "The money is finished". A wannan sahu akwai "furniture" da "information" da "advice" da "equipment", waɗanda ba a ƙirga su kuma ba a yi musu jam'i, da sunayen darussa irin su "mathematics" da "physics" waɗanda "s" ɗinsu ta ado ce kawai. Adadin kuɗi ko lokaci ko nisa da aka ɗauka a dunƙule shi ma tilo ne, kamar "Ten thousand naira is enough". A wasu wuraren kuwa harsunan biyu sun yi daidai, kuma ya kamata ɗalibi ya ci moriyar haka. "Police" da "cattle" da "people" jam'i ne kamar 'yan sanda da shanu da mutane. "Everyone" da "everybody" da "nobody" da "each" tilo ne, kamar yadda muke cewa kowa ya zo, ba mu cewa kowa sun zo, don haka "Everybody knows him".

Sunayen taro irin su "team" da "committee" da "government" suna da ɗan sassauci, kwatankwacin yadda Bahaushe zai ce jama'a ta taru ko jama'a sun taru. Mutanen Birtaniya suna yarda da "The team are playing well" idan 'yan wasan ake nufi ɗaya bayan ɗaya, Amurkawa kuwa sun fi tsayawa a kan "is". Shawarata ga mai rubuta jarrabawa ita ce ya yi amfani da tilo, sai fa idan jimlar ta nuna rabuwar kai a cikin taron, kamar "The committee are divided in their opinions".

Mataki na huɗu ya shafi mahaɗai. "And" yana tara abu biyu su zama jam'i, in ban da inda suka narke suka zama abu ɗaya, kamar "Bread and butter is my breakfast". "Or" da "nor" ba sa tarawa, aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi ne: "Neither the teacher nor the students are here", amma in aka juya su sai a ce "Neither the students nor the teacher is here".

Mataki na biyar shi ne ka lura da jimlar da aikau ya zo a bayan aikatau. "There" ba aikau ba ne, don haka sai ka leƙa gaba: "There is a goat in the compound", "There are goats in the compound". Tambaya ma haka take, kamar "Where are my keys?" Ka kuma bambanta "a number of", mai nufin da yawa kuma mai ɗaukar jam'i, da "the number of", mai nufin adadin kansa kuma mai ɗaukar tilo.

Mataki na ƙarshe ana yin sa ne bayan an gama rubutu. Ka bi jimlolinka ɗaya bayan ɗaya, ka musanya kowane aikau da "he" ko "she" ko "it" ko "they", ka karanta a bayyane, domin kunne yakan ƙi "they goes" ko da ido ya bar shi ya wuce. Sai dai wannan musanya ta gwaji ce, kada ka bar wakilin sunan tare da sunan a takarda. Hausa tana buƙatar "ya" a cikin "Babana ya tafi", amma wanda ya rubuta "My father he went" ya ninka aikau, kuma jan biron mai duba takarda zai zagaye "he" ɗin.