Babi na Shida: Dillancin Gidaje da Darussan Tsofaffin Tatsuniyoyi

Dillalin gidaje da filaye yana cinikin abin da ba nasa ba ne. Gidan na mai gida ne, kuɗin na mai saye ne, shi kuwa abin da ya mallaka a tsakaninsu shi ne maganarsa, wadda idan aka yarda da ita ciniki ya faɗa ya sami la'ada, idan kuma aka daina yarda da ita to ba shi da wata haja da zai kasa. Wannan babi zai bi wasu tsofaffin tatsuniyoyi da duniya ta daɗe da saninsu, domin mu ga abin da suke faɗa wa mai irin wannan sana'a.

Yawancinsu ana jingina su ne ga wani mutum mai suna Isof, wanda ake cewa ya rayu a ƙasar Girka a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma masanin tarihi Hirodotas ya ambace shi a matsayin bawa a tsibirin Samos. Wasu kuma daga Indiya suka taso, suka bi ta Farisa, har Abdullahi ɗan Muƙaffa ya fassara su zuwa Larabci a ƙarni na 8 da sunan Kalila wa Dimna. Waɗanda suka tsara su ba su san takardar mallaka ko bashin banki irin na yau ba, amma sun san kwaɗayi da gaggawa da ƙarya, kuma waɗannan ukun su ne suke rusa ciniki har gobe.

Makiyayin da ya yi ihun ƙarya

Wani yaro yana kiwon tumaki a bayan gari, zaman kaɗaici ya ishe shi, sai ya ɗaga murya yana cewa kerkeci ya faɗa wa garke. Mutane suka bar ayyukansu suka rugo, suka tarar babu komai sai yaron yana dariya. Ya sake, suka sake zuwa. Ranar da kerkecin ya zo da gaske, ya yi ta kururuwa babu wanda ya ɗaga kai.

A dillanci wannan ihun yana da kalmominsa sanannu. Dillali ya ga mai saye yana jinkiri, sai ya ce masa akwai wani da ya taya kuma gobe zai kawo kuɗi, alhali babu kowa. Ko ya ce unguwar ba ta taɓa ganin ambaliya ba, ko ya ce takardu sun cika ba tare da ya gan su da idonsa ba. Sau da yawa dabarar tana aiki a karon farko, kuma wannan shi ne haɗarinta, domin wanda ya ci riba da ita sau ɗaya yakan ɗauka ya gano hanya.

Mu ɗauki alƙalami mu lissafa abin da ƙaryar take kawowa. A ce kuɗin gida 1,000 ne, da kowane irin kuɗi ake ciniki, kuma an yi yarjejeniya cewa la'ada kashi 5 cikin 100 ce. La'adar dillali ta zama 50. Idan ya tsorata mai saye da mai tayin da babu shi har farashi ya hau zuwa 1,100, la'adarsa ta zama 55. Ke nan a kan 5 ya sayar da amincinsa. Mai sayen nan kuwa ba tafiya zai yi ya ɓace ba: zai zauna a cikin gidan shekara da shekaru, zai san maƙwabta, zai ji nawa aka sayar da gidan da ke kusa da nasa, kuma damina ta farko za ta gaya masa gaskiyar rufin da magudanar ruwan. Wanda ya sayi takalmi mai aibi yakan jefar ya manta. Wanda ya sayi gida mai aibi yana kwana yana tashi da aibin, da sunan wanda ya kawo shi a bakinsa.

Abin da ya fi ciwo shi ne ranar da gaskiyar ta zo. Wata rana za a sami gida mai kyau da farashi mai sauƙi, da masu saye biyu suna rububinsa da gaske, dillali ya kira mutuminsa ya ce ya hanzarta, mutumin ya ɗauka irin ta kullum ce. Maganin wannan ba mai wuya ba ne. Dillali ya riƙa raba maganarsa gida biyu a fili: abin da ya gani da idonsa, da abin da aka gaya masa. Ya ce, “Na ga takardar mallaka, amma ban tabbatar da ita a ofishin filaye ba tukuna, ku sa lauya ya bincika, safiyo kuma ya auna iyaka.” Wannan magana ba ta rage masa daraja, ita ce ma take sa a saurare shi idan ya ce ya tabbatar.

Tulun zuma

A cikin Kalila wa Dimna akwai wani mutum da yake tara zuma da mai a tulu, ya rataye shi saman shimfiɗarsa. Wata rana yana kwance da sanda a hannu, sai ya shiga lissafi: zai sayar da abin da ke tulun ya sayi awaki, su hayayyafa, ya sayi shanu da gona, ya yi aure, a haifa masa ɗa, idan ɗan ya ƙi jin magana ya ɗaga sanda haka. Ya ɗaga sandar, tulu ya fashe, zuma ta kwararo masa a ka.

Dillalai da yawa sun sha wannan zumar a ka. An taya, an sallama, an ba da kafin alƙalami, sai mutum ya fara kashe la'adar a zuciyarsa, wani ma ya ci bashi a kanta. Amma tsakanin sallamawa da biyan kuɗi akwai rami da yawa. Banki yana iya hana mai saye rancen da yake dogaro da shi, wani magaji da ba a shawarta ba yana iya fitowa ya ce bai yarda ba, bincike yana iya nuna cewa an jinginar da gidan. Ko cinikin ya faɗa, idan akwai dillali a ɓangaren mai saye aka raba la'adar biyu, 50 ɗin nan ta koma 25, kuma daga cikinta za a cire kuɗin zirga-zirga da na talla. Matsalar ba ta tsaya ga ɓacin rai ba. Dillalin da ya riga ya ci bashi a kan ciniki ba ya iya ba da shawarar gaskiya a kansa, domin idan ya ga aibi a takarda zuciyarsa za ta ce masa ya kau da kai. Saboda haka a littafin ajiyarku kada ku rubuta la'ada a shafin kuɗin shiga sai ta shigo hannu, kuma ku sa a rubuta yarjejeniyarta tun farko, da sa hannun mai gida da shaidu.

Kare da nama, da kaza mai ƙwan zinariya

Kare ya ɗauko nama zai haye rafi, ya ga hotonsa a ruwa, ya ɗauka wani kare ne da yanki mafi girma, ya buɗe baki zai ƙwace, nasa ya faɗi ruwa ya tafi da shi. Wannan tatsuniya ta fi amfani wajen yi wa mai gida bayani. A ce an taya gidansa 950, ya ce sai 1,000, gidan ya zauna a rufe shekara guda, alhali hayarsa a shekara 60 ce. Ko ya sami 1,000 ɗin daga baya, abin da ya rage masa 940 ne, ban da gyaran da kango yake jawowa. Ƙwai a baka, in ji masu magana, ya fi kaza a akurki.

Sai dai a nan dole dillali ya tuhumi kansa kafin ya buɗe baki, domin wannan tatsuniya tana yi masa daɗin faɗa fiye da kima. Idan farashi ya ƙaru da 100, mai gida ne yake ɗaukar 95, dillali 5 kawai, don haka son ransa shi ne a sallama da wuri ya wuce gaba. Masana tattalin arziki biyu a Amurka, Steven Levitt da Chad Syverson, sun buga wani bincike a 2008 a kan cinikin gidaje kusan 100,000 a kewayen birnin Shikago, suka gano cewa idan dillali nasa gidan yake sayarwa, yakan bar shi a kasuwa kimanin kwana 10 fiye da na mutanen da yake yi wa aiki, ya kuma sayar da shi da ƙarin kusan kashi 4 cikin 100. Ke nan kafin ka ce wa mai gida ya sallama, ka tambayi kanka ko da gidan naka ne za ka sallama a haka.

Kazar da take yin ƙwan zinariya ɗaya kullum, wadda mai ita ya yanka domin ya kwashe zinariyar gaba ɗaya ya tarar cikinta kamar na kowace kaza, labarinta ya faru a kan ƙasa guda sukutum. A shekarun da suka gabaci 2006 farashin gidaje a Amurka ya yi ta hawa, masu ba da rance suka riƙa bai wa mutane bashin sayen gida ba tare da tabbatar da abin da suke samu ba, kowa a cikin jerin yana karɓar kasonsa da zarar an sa hannu. Da farashi ya juya, miliyoyin iyalai suka kasa biya aka ƙwace gidajensu, kuma ranar 15 ga Satumba, 2008, bankin Lehman Brothers, wanda ya haura shekara 150 da kafuwa, ya durƙushe. Kazar a nan ita ce mai sayen da yake iya biya. A ƙaramin mataki, mai gidan da ya tsawwala wa ɗan haya mai biya a kan lokaci har ya tashi, da dillalin da ya zuga shi don ya sami la'adar sabon ɗan haya, wuƙa ɗaya suka riƙe.

Game da tseren kunkuru da zomo, wanda kunkuru ya ci, ba za mu daɗe ba, sai dai a gyara wata fahimta. Ba gudu ne ya kayar da zomo ba, barci ne. Dillalin da aka kira bai ɗauka ba, ko ya yi alkawarin kai mutum ganin gida ya makara, kada ya ce koyi yake da kunkuru. Abin koyi a wurin kunkuru shi ne bai tsaya ba, kamar mai komawa kan tsofaffin abokan cinikinsa yana tambayar lafiyar gidan da ya sama musu, ko da babu wani ciniki a gaba.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya ɗauki gida ko fili ɗaya da yake dillancinsa, ko wanda ya sani sosai, ya raba shafin littafinsa biyu. A dama ya rubuta abin da ya gani da idonsa game da takardu da iyaka da rufi da ruwa da hanya, a hagu ya rubuta abin da aka gaya masa da sunan matsayin wanda ya faɗa, mai gida ne ko maƙwabci ko wani dillali. A ƙasan shafin ya lissafa la'adar kashi 5 cikin 100 a kan 2,400, sannan ya raba ta tsakanin dillalai biyu, ya zo da amsar aji na gaba.